Wurin Cin Abinci A Ƙaramin Gida

Gidaje da yawa na masu karanta wannan mujalla ɗaki ne da falo, waɗansu ma ɗaki ɗaya ne tak da 'yar baranda. A irin wannan gida an san wurin gado, an san wurin akwatuna, an kuma san inda talabijin ya ke. Amma in ka tambayi inda a ke cin abinci, sai a yi dariya a ce maka, "Ai duk inda mutum ya samu." Maigida yana kan kujera da kwanonsa bisa gwiwa, 'yan maza suna bakin ƙofa, uwargida kuwa tana tsugune kusa da murhu, tana ci tana kankare tukunya. Ƙaramin yaro yana yawo tsakaninsu da loma a hannu, kaji suna bin sa.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Da safe kowa yana gaggawa, da rana kowa yana wurin aikinsa ko makaranta ko kasuwa. Lokacin tuwon dare ne kaɗai iyali duka su ke gida, kowa kuma idonsa biyu. Idan wannan lokaci ya wuce kowa yana kusurwarsa, to, yaushe uba zai lura cewa 'yarsa ta daina cin abinci kwana uku? Yaushe yaro zai faɗi abin da ya dame shi a makaranta? Yaushe za a sunkuyar da kai tare a gode wa Allah domin abin da ya bayar? Saboda haka ya kamata kowane gida, kome ƙanƙantarsa, ya keɓe wuri guda wanda kowa ya sani nan ne a ke haɗuwa a ci. Ba sai da kuɗi mai yawa ba. Abin da a ke bukata shi ne tunani, da awo, da yarda tsakanin miji da mata.

Tabarma ko tebur?

Tambaya ta fari ke nan, kada kuwa kowa ya ji kunyar amsarta. Kakanninmu bisa tabarma su ka ci, su ka ƙoshi, su ka tsufa. Tabarmar kaba ba ta da tsada, a kan shimfiɗa ta a ci, a kakkaɓe, a naɗe, a jingine a bango, ɗaki ya koma yadda ya ke. Tana kuma karɓar baƙo ba tare da an je aron kujera ba, kowa ya ɗan gusa sai wuri ya samu.

Ba mu kaɗai ne mu ke ci a ƙasa ba. Mutanen Japan, waɗanda gidajensu na birni ƙanana ne ƙwarai, sun daɗe suna amfani da wani gajeren tebur mai suna chabudai. Tsayinsa bai fi ƙafa ɗaya ba, ƙafafunsa kuwa masu naɗewa ne. Iyali su kan zauna a ƙasa kewaye da shi, in an gama a naɗe shi a ajiye gefe, a shimfiɗa katifa a wurin a kwana. A Habasha kuma akwai mesob, watau wani dogon kwando mai murfi wanda a ke saƙawa da kaloli, a ɗora faifan abinci bisansa, jama'a su kewaye shi su ci tare. Duk macen da ta iya saƙa faifai, in ta ga mesob za ta gane aikin nan da nan.

Abin koyi a nan shi ne ɗaga abinci daga ƙasa. Idan kun zaɓi tabarma, ku sa kafinta ya yi muku gajeren tebur mai tsayin inci 12 zuwa 14, faɗinsa kamar ƙafa 3. Ƙura da yashi ba za su shiga miya ba, jariri mai rarrafe ba zai tsoma hannu cikin kunu mai zafi da sauƙi ba, kuma ba wanda zai taka kwano cikin duhu.

Amma tebur mai tsayi yana da nasa amfani. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, da mace mai tsohon ciki, da mai ciwon baya, zama a ƙasa da tashi wahala ne gare su. Haka kuma gidan da a ke da 'yan makaranta, teburin cin abinci shi ne teburin karatu. Mu malamai mu kan gane littafin da aka rubuta bisa tebur da wanda aka rubuta bisa gwiwa tun kafin mu duba sunan mai shi. In akwai 'yan makaranta a gida, kuma wuri ya yarda, tebur ya fi.

A auna tukuna

Masu magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai a sha'anin katako kima ba ta isa ba. Mutane da dama sun sayi tebur domin sun gan shi da kyau a shagon kafinta, da aka kawo gida sai ya hana ƙofa buɗewa. Ga awon da kafintoci da masu zanen gidaje su ke bi. Na ba da shi da ƙafa da inci domin da su yawancin kafintocinmu su ke aiki har yanzu.

Tsayin tebur daga ƙasa inci 30 ne, watau kamar santimita 76. Tsayin mazaunin kujera ko benci inci 18 ne. Tazarar da ke tsakaninsu, inci 12, ita ce wurin cinya. In tazarar nan ta ragu da yawa mutum zai matse, in ta ƙaru kuma zai ci abinci kafaɗunsa a ɗage kamar yaron da ya hau kujerar babansa.

Kowane babban mutum yana bukatar ƙafa 2 na gefen tebur domin kada gwiwar hannunsa ta bugi ta maƙwabcinsa. A bayan kowace kujera kuma a na bukatar ƙafa 2 da rabi, daga bakin tebur zuwa bango, domin a iya ja da baya a tashi. In ta nan ne hanyar wucewa, to, sai ƙafa 3 ko fiye.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi. A ɗauka falonka ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 12 faɗi, watau murabba'in ƙafa 144. Teburin mutum shida irin na manyan gidaje ƙafa 6 ne tsawo, ƙafa 3 faɗi. In ka ƙara ƙafa 2 da rabi a kowane gefe, zai ci ƙafa 11 a tsawo, ƙafa 8 a faɗi, watau murabba'in ƙafa 88. Ka ga ya cinye fiye da rabin falo ke nan, ba a ko sa kujerar baƙi ba. Shi ya sa a gidaje da yawa irin wannan tebur ya kan ƙare a manne da bango, an jibga masa jarida da kwalabe da kayan guga, iyali kuwa sun koma cin abinci bisa gwiwa.

Kafin ka je wurin kafinta, ka ɗauki alli ko gawayi ka zana girman teburin a daɓen ɗaki. Ku bar zanen kwana biyu ko uku, kowa ya riƙa kewaye shi kamar tebur ne na gaske. A buɗe ƙofa, a buɗe kabad, uwargida ta wuce da tire a hannu. In zanen ya dame ku, tebur zai fi damunku. Goge alli ba ya cin ko kwabo.

Dabaru uku na ƙaramin ɗaki

Dabara ta fari ita ce kusurwa. A sa benci biyu a kusurwar ɗaki, ɗaya a jikin wannan bango, ɗaya a jikin wancan, sa'an nan a tura tebur ya shiga tsakaninsu. Benci ba ya bukatar wurin ja da baya, gama mutum ya kan zame ne ya shiga. Idan faɗin benci inci 15 ne, kuma bakin tebur ya rufe inci 3 daga cikinsa, to, tebur mai ƙafa 4 da ƙafa 2 da rabi, tare da kujeru biyu a gefen waje, zai ci ƙafa 6 ne ta wannan gefe, ƙafa 5 ta wancan. Murabba'in ƙafa 30 ke nan maimakon 88, kuma mutum biyar za su zauna sosai. In yara ne, benci ya kan ɗauki uku a wurin biyu. A na iya yin bencin kamar akwati mai murfi, a ajiye littattafai ko tabarmi ko kwanonin da ba a amfani da su kullum. Amma kada a zuba hatsi a ciki sai dai in yana cikin gwangwani ko bokiti mai murfi. Za mu ga dalili a gaba.

Dabara ta biyu ita ce tebur mai naɗewa a jikin bango. A kan kafa shi da hinjis, watau ƙarfen nan da ke riƙe ƙyauren ƙofa, a yi masa ƙafa ɗaya ko biyu masu lanƙwashewa. Lokacin ci a ɗaga shi, in an gama a sauke ya kwanta jikin bango, ba zai ci fiye da inci 4 ba. In an kafa shi ta dogon gefensa mutum huɗu za su zauna, biyu a gaba, ɗaya ɗaya a gefe. In ta gajeren gefe ne mutum biyar za su zauna, amma zai fi shigowa tsakar ɗaki. A lura fa, bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa mai ɗaukar nauyi, bulo mai rami kuma ya kan fashe. Sai a fara kafa katako mai kauri a bangon, ko a tsai da sanduna biyu daga ƙasa, sa'an nan a ɗaura tebur a jikinsu. In gidan haya ne, a nemi izinin mai gida tukuna, kada abin alheri ya zama rigima ranar tashi. A kuma sa wa ƙafar sakata, domin yaro ya kan shure ta ba da saninsa ba, miya mai zafi ta zubo masa.

Dabara ta uku ita ce baranda ko inuwar tsakar gida. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da ɗakin kwano ya ke zama kamar tanda, ba wanda ya ke jin daɗin tuwo a ciki. In kuna da baranda, a daɓe ta, a yi mata ɗan shinge na zana ko asabari ta gefen da iska ta ke kawo ƙura da feshin ruwa. A zaɓi wuri nesa da bayan gida, da kwata, da akurkin kaji, da turken awaki, domin ƙudan da ya tashi daga can ba ya wanke ƙafa kafin ya sauka bisa tuwo. Gidan da ya zaɓi baranda ya kamata ya san inda zai koma a cikin ɗaki ranar ruwan sama da daren sanyi.

Kowace dabara ku ka ɗauka, ku tuna da mai ɗauko abinci. Wurin ci ya kasance kusa da wurin girki, hanyar kuwa ta zama a share, ba takalma, ba igiyar lantarki a ƙasa. A shekarar 1926 wata mai zanen gidaje 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ɗakin girki domin gidajen ma'aikata a birnin Farankfot na Jamus. Faɗinsa mita 1.9 ne kawai, tsawonsa mita 3.4, aka kuwa gina irinsa wajen 10,000. Ta yi nazarin yadda mace ta ke kai da kawowa wajen aiki, ta sa kowane abu inda hannu zai kai gare shi da sauƙi. Maigida, kai ma ka tsaya rana ɗaya ka ƙidaya sawu nawa matarka ko 'yarka ta ke yi tsakanin murhu da inda ka ke zaune. Lissafin zai nuna maka inda ya kamata tebur ya tsaya.

Magana da kafinta

Fallen filawud guda ƙafa 8 ne tsawo, ƙafa 4 faɗi. In ka sayi mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, falle ɗaya zai ba ka kusan dukan abin da ka ke bukata. A yanki ƙafa 2 da rabi domin saman tebur. A yanki inci 15 sau biyu domin saman benci biyu. Ragowar ƙafa 3 a raba uku, a sami kanta uku masu faɗin kusan ƙafa ɗaya ɗaya domin jera kwanoni. Sai katakon ƙafafu da na firam kaɗai za ka ƙara saya. Filawud ba ya son ruwa, saboda haka a rufe bakinsa da siririn katako, a shafe shi da fenti mai kyau, ko a manna masa fomika, ko kuwa a shimfiɗa ledar tebur wadda a ke gogewa da tsumma.

Wajen ƙafafu a nemi katako mai ƙarfi irin su maɗaci ko loko. Farin katako mara nauyi ya fi araha, amma gara da ƙwaro sun fi son sa, araha kuwa ba ta ado. Babban abin lura shi ne bushewa. Katakon da aka yanka ɗanye aka yi aiki da shi da damina, in hunturu ya busa ya kan tsuke, ya tsage, gaɓoɓinsa su saki, tebur ya soma rawa. Ka ɗaga katakon ka ji, ɗanye ya fi nauyi kuma yana da sanyi a hannu. In da hali a yi aikin katako da rani. A gaya wa kafinta ya goge kusurwoyin tebur su zama da'ira, gama tsayin inci 30 daidai ya ke da goshin yaro mai koyon tafiya.

Ka rubuta awon a takarda biyu, ɗaya gare ka, ɗaya gare shi. Ka tambayi kafinta biyu ko uku kafin ka yanke shawara, ka ba da kuɗin kaya tukuna, ladan aiki kuwa sai an gama. In aljihu bai kai ba, a yi tebur bana, a zauna bisa kujeru 'yan tsugunno masu ɗan tsayi ko bencin da ke gida, a ƙara sauran baɗi. Cin bashi da daɗi, ranar biya ke da wuya. Tuwon da aka ci bisa teburin bashi ba ya sauka da kyau.

Haske da iska

In da hali, wurin ci ya kasance kusa da taga, a sa wa tagar raga domin ƙuda da sauro. Da dare fitila ta kasance bisa tebur, a rataye kamar inci 30 daga samansa. In fitila tana bayan mutum, inuwar kansa ce za ta rufe kwanon, ba zai ga ƙashin kifi ba, yaro kuma ba zai ga layin littafinsa ba. Fitila mai caji ko mai aiki da hasken rana ta fi fitilar kananzir a nan, domin ba ta hayaƙi, kuma in gwiwar hannu ta ture ta ba gobara.

Kada a shigo da kurfoti mai garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga domin abinci ya zauna da zafi ko domin jin ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, tana sa ciwon kai da barci, tana kuma kisa. Hayaƙin janareto ma haka ya ke, saboda haka kada a tashe shi a baranda inda a ke zaune, ko ƙarƙashin taga.

Ruwa, sabulu, da murfi

Wurin cin abinci bai cika ba sai da wurin wanke hannu. Al'adar da aka saba a wurare da yawa ita ce a kawo ruwa a kwano ɗaya, babba ya fara wankewa, na biye ya bi, har a kai ga auta. Ku duba fa, wanda ya fi kowa rauni shi ne ya ke wanke hannu cikin dauɗar kowa. Hanyar da ta dace ita ce a ajiye buta, da sabulu, da ƙaramin daro kusa da wurin ci. Wani ya zuba, wani ya cuɗa hannu da sabulu kamar daƙiƙa 20, ruwan dauɗa ya sauka cikin daro a zubar. Wannan aiki ne da za a iya ba yara, kowa da makonsa. Gudawa da kwalara da zazzaɓin taifot duk ta hannu da ruwa da abinci su ke shiga ciki, rigakafi kuwa ya fi magani.

Ruwan sha ya kasance cikin randa ko tulu mai murfi, da moɗa guda mai dogon hannu domin ɗiba kawai, kowa kuma ya sha da nasa kofi. Abincin da aka dafa kada ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin ɗaki. In za a ajiye wa wanda bai dawo ba, a sa a kula, ko kuwa a sake ɗumama shi ya yi zafi sosai kafin a ci.

Yanzu ga dalilin maganar hatsi da murfi. Inda a ke ci, nan ɓurɓushi ya ke zuba, inda ɓurɓushi ya ke kuwa nan ɓera ya ke zuwa. Zazzaɓin Lassa ya sami sunansa daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gane shi a shekarar 1969. A waccan shekara ma'aikatan jinya biyu na mishan su ka rasu da shi, ɗaya ta kamu a Lassa aka kawo ta Jos, ɗayar kuma ta ɗauka wajen jinyar 'yar'uwarta. A 1970 likitar mishan da ta yi fama da cutar a Jos ita ma ta rasu da ita. Daga baya aka gane cewa wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa ya ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana barin ta cikin fitsarinsa da kashinsa bisa abinci da kwanoni. Cutar ta fi yawa da rani. Saboda haka a share wurin ci kowane dare kafin a kwanta, kada a bar kwanoni da dauɗa su kwana, a kife waɗanda aka wanke bisa kanta, a rufe garin tuwo da shinkafa da sauran abinci cikin abu mai murfi mai ƙarfi. Faifai yana hana ƙuda, amma ba ya hana ɓera.

Wurin ƙanana da wurin tsofaffi

Cin abinci a kwano ɗaya yana koya wa yara ladabi da rabo, wannan gaskiya ne. Amma yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu ba zai iya tsere da yayyensa ba. Hannunsa ƙarami ne, tuwo yana masa zafi, kafin ya kai loma uku an sha miya. Yaro ya kan rame a gidan da ba a rasa abinci ba, ba wanda ya san dalili. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara cewa daga wata shida, sa'ad da aka soma ba jariri abinci tare da nono, a ba shi nasa ɗan kwano, babba ya zauna kusa da shi ya taimake shi, domin a san abin da ya ci da abin da ya bari. Saboda haka a tsara zama yadda ƙarami zai kasance kusa da uwa ko uba, daga gefen bango, nesa da tukunyar miya. In tebur ya fi shi tsayi, a sa masa matashi mai tauri, a kuma ajiye ɗan akwati inda zai taka, gama yaron da ƙafarsa ke lilo ba ya zama wuri ɗaya.

Tsoho ko tsohuwa a ba su kujera mai majingina a gefen waje, inda tashi ba wuya. Uwargida kuma a ba ta wurin da ya fi kusa da ƙofar girki, amma wurin zama na gaske, ba na tsayuwa ba. Sai ta zauna tukuna a yi addu'a.

In al'ada ta tsaya a hanya

A gidaje da yawa an saba maigida ya ci shi kaɗai ko da abokansa a zaure, maza da kwanonsu, mata da nasu. Akwai kuma kunya tsakanin surukai, wadda ba ta barin matar ɗa ta ci a gaban uban mijinta. Waɗannan al'adu suna da tushe cikin girmamawa, ba kuwa da ƙarfi a ke sāke su ba. In surukai suna gida, a kai musu nasu inda su ka fi sakewa, ba laifi. Amma tsakanin miji da mata da 'ya'yansu, babu abin kunya cikin zama wuri ɗaya. In abin ya yi nauyi da farko, a fara da abincin rana na Lahadi bayan an taso daga sujada. In an saba sai a ƙara da tuwon dare.

A sa doka biyu ko uku masu sauƙi. A kashe talabijin, a kuma tsara zama yadda ba wanda zai fuskance shi. A ajiye wayoyi a kanta, na iyaye ne farko, gama yara abin da su ka gani su ke yi. Kada a mai da lokacin ci lokacin shari'a da faɗa, in akwai laifi a bari sai an gama. A ba yara juyin yin addu'ar godiya, ko gajeruwa ce. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

A ƙarshe a bar wurin mutum ɗaya domin baƙo, ko da ƙarshen benci ne ko gefen tabarma. Ɗalibin da iyayensa ke nesa, da gwauruwar da ke maƙwabtaka, da mai bishara da ya sauka a gari, ba faɗin falo su ke dubawa ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Maigida da uwargida, ku nemi alli a wannan mako, ku zana wurin tare, ku kira yara su faɗi nasu ra'ayi. Allah ya sa albarka cikin abincinku da zamanku.